Idan Abuja Ta Sake Tsari, Ina Aikin Wakilinmu na Majalisar Jiha?

Ran 29 ga watan Mayu 2023, ranar da aka rantsar da Shugaba Bola Tinubu, ya faɗa a bainar jama'a cewa Gwamnatin Tarayya ta daina biyan tallafin man fetur. Kafin mako ya zagayo, litar man da ake saye wajen Naira 195 ta kai Naira 500. Cikin watan Yuli ta wuce 600, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haye Naira dubu.

Mutumin birni ya ji wannan a kuɗin mota. Mutumin bakin tafkin Kainji kuwa ya ji shi ta ko'ina, gama mai ne ke tuƙa jirgin da ke kai shi kasuwar Yelwa ko ta Wara, mai ne ke juya injin ban ruwan albasa da shinkafar rani, mai ne kuma ke kai masunci tsakiyar ruwa ya komo da shi. A ce injin manomi yana shan lita huɗu a yini. Abin da dā yake biya Naira 780 ya zama 2,400, daga baya ya zama 4,000, alhali kuwa gonar ba ta ƙara ko taƙi ɗaya ba.

Da abin ya yi zafi, wurin wa jama'a suka nufa? Ba su san hanyar ofishin minista ba. Wanda suka sani shi ne ɗan majalisar jiha, gama shi ne suke gani wurin suna da jana'iza, sun san gidan ubansa. Shi kuwa sau da yawa amsarsa ɗaya ce cikin biyu. Ko ya ce, "Wannan magana ta Abuja ce, ba ta hannunmu," ko kuwa ya sayo buhunan hatsi ya raba a ƙofar gidansa. Amsar farko rabin gaskiya ce. Ta biyun kirki ne, amma ba aikin da aka zaɓe shi dominsa ba ne. Abin da muke so mu bayyana a nan shi ne iyakar ikon wannan wakili, domin mai karatu ya san abin da zai nema gare shi, ya kuma san lokacin da ake sallamarsa da baki kawai.

Wakilai nawa gare mu?

Ƙasar Yauri ƙananan hukumomi uku ce: Yauri mai hedkwata a Yelwa, Ngaski mai hedkwata a Wara, da Shanga. Su ukun nan tare suna aika wakili ɗaya tak zuwa Majalisar Wakilai ta Abuja. Suna kuma tarayya da ƙasar Zuru wajen sanata ɗaya, na Kebbi ta Kudu. Amma a Majalisar Dokokin Jiha da ke Birnin Kebbi kowace ɗayansu tana da kujerarta. Kujerun majalisar 24 ne, watau ƙasar Yauri tana da uku cikin 24.

Uku cikin 24 ba su isa su zartar da kome su kaɗai ba. Amma ruwan Kwara bai tsaya a Shanga ba. Yana ratsa ƙasar Koko da Besse da Bagudo, waɗanda su ma suna fama da ambaliya da hatsarin jirgi. Wakilin da ya san aikinsa yakan fara da neman abokan murya a nan.

Yana da kyau matasa su san cewa ba kullum aka sami wannan kujera ba. Lokacin da aka tashi mutanen tsibirai a 1968 soja ke mulki, babu majalisa ko ɗaya a ƙasar. Wanda yake da kuka sai dai ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai gaban Sarki da En'e. An yi majalisar Jihar Sakkwato daga 1979 zuwa 1983, sa'an nan soja suka rushe ta. An ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta 1991. Majalisar da muke da ita yanzu tana zama ba yankewa tun 1999.

Abin da ba ya hannunsa

Tsarin Mulki na 1999 ya jera al'amuran da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. A cikinsu akwai man fetur da dukan ma'adinai, har da zinariyar da ake tonowa a ƙasar Yauri. Akwai kuɗin ƙasa da bankuna, da kwastan, da soja da 'yan sanda. Akwai zirga-zirgar jirage a Kogin Kwara da rassansa. In dokar jiha ta yi karo da ta Tarayya, ta Tarayya ce ke tsayawa. Saboda haka duk ɗan majalisar jihar da ya yi alkawarin sauko da farashin mai, ko kuwa ya ce zai kafa barikin soja a Birnin Yauri da ikon kansa, yana faɗin abin da ba zai iya ba. Iyakacinsa a nan ya yi kira, kuma za mu zo kan amfanin kira a gaba.

Amma akwai wuri ɗaya inda Abuja ba ta iya motsi sai da shi. Ba a gyara Tsarin Mulki sai majalisun jihohi kashi biyu cikin uku sun yarda, watau 24 cikin 36. A 2022 Majalisar Tarayya ta aika wa jihohi gyare-gyare 44. Waɗansu sun sami shiga, Shugaba Buhari ya sa hannu a kan 16 daga cikinsu cikin watan Maris 2023. Wanda ya nemi a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuwa bai sami jihohin da ake bukata ba, ya faɗi. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli 2024 cewa kuɗin ƙaramar hukuma nata ne, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa na riƙo. Ko bayan hukuncin ma, aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. To, duk ranar da aka sake kawo irin wannan gyara, hakkin mai zaɓe ne ya tambayi wakilinsa gefen da ya ɗaga hannu.

Ina kuɗin tallafin suka tafi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, ita ce kuma aka fi mantawa da ita. Kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta daina zubawa a tallafi, da kuma ƙarin Nairorin da ake samu tun da aka saki farashin dala a watan Yuni 2023, suna shiga asusun da ake rabawa kowane wata tsakanin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Abin da aka raba a 2022 ya ɗan wuce Naira tiriliyan 8. A 2024 ya wuce tiriliyan 15. Gaskiya ne darajar Naira ta faɗi ƙwarai a tsakanin, siminti da ƙarfe sun yi tsada, saboda haka ƙarin bai kai yadda lissafi ke nunawa ba. Duk da haka kuɗi sun ƙaru a hannun jihohi. Ban da wannan, a watan Agusta 2023 an ba da sanarwar Naira biliyan 5 ga kowace jiha domin rage wa talakawa raɗaɗi, wani kashi kyauta, wani kashi rance.

Watau abin da aka cire daga aljihun mai jirgi a Yelwa, wani sashensa ya zagaya ya sauka Birnin Kebbi. A can kuwa doka ta ce ba a fitar da ko kwabo daga baitulmalin jiha sai majalisa ta amince. Gwamna ne ke kawo kasafin kuɗi, yawanci wajen ƙarshen shekara. Majalisa takan raba shi ga kwamitoci. Kowane kwamishina yakan zo gaban kwamiti ya kare abin da ya nema. A nan ne ake iya ƙara aiki, a rage wani, a matsar da kuɗi daga wannan layi zuwa wancan. Bayan an kashe kuɗin kuma, Babban Mai Binciken Kuɗi na jiha yakan kai rahotonsa ga majalisa, kwamitin lissafin kuɗin jama'a ya duba.

Saboda haka in wakili ya ce maganar mai ta Abuja ce, sai a ce masa, "Ranka ya daɗe, mun ji. To, rabon da ya zo jiha fa? Nawa aka rubuta domin bakin ruwa?" Kasafin kuɗi ba asiri ba ne. Ana buga shi, ana kuma sa shi a intanet. Malamin makaranta ko ma'aikacin gona na iya buɗe shi a waya, ya nemi sunan garinsu. Aikin da ba shi da layi a cikin wannan littafi, ko an yi masa alkawari sau goma a dandali, babu shi.

Abu ɗaya kuma da ya kamata a lura da shi: rubuta kuɗi daban, sakinsu daban. Sau da yawa akan ga aiki a kasafi shekara uku a jere, ba a ɗora ko bulo ɗaya ba. Sashe na 128 da na 129 na Tsarin Mulki sun ba majalisa ikon bincike, da ikon kiran kowane jami'in jiha ya zo ya yi bayani, ya kawo takardu. Wakili nagari ba ya tsayawa a kan "na sa an rubuta." Yakan koma a tsakiyar shekara ya tambayi nawa aka saki.

Wutar Kainji

A nan za mu ɗan daɗe, gama wannan ita ce tsohuwar ƙorafin bakin tafki, kuma a nan ne doka ta fi sakewa.

An fara ginin dam ɗin Kainji a 1964, aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe shi a farkon 1969. Ruwan da aka tare ya zama tafki mai tsawon wajen mil 85, faɗinsa kuma mil 15 a inda ya fi faɗi. Mutum wajen dubu 44 aka tayar. Tsohon garin Bussa ya nutse. Tsibiran da Gungawa suka zauna tun kaka da kakanni, inda suke noman albasa da gero a ƙasa mai taushi, yawancinsu ruwa ya ci. Kambari da Lopawa da Shangawa da ke gaɓa su ma an matsar da waɗansunsu. An gina musu gidajen siminti a tudu, amma ƙasar tudu ba irin ta tsibiri ba ce, kuma wanda ya saba ɗiban ruwa a ƙofar gida ya koma neman rijiya.

Injunan Kainji takwas ne, an gina su su ba da megawat 760. Babban layi ya tashi daga dam ɗin zuwa Birnin Kebbi, daga can kuma wuta na ƙetare iyaka zuwa Yamai. Da soja suka yi juyin mulki a Nijar cikin Yuli 2023, Nijeriya ta yanke wutar a watan Agusta, ta mayar a Maris 2024. Duk tsawon shekarun nan, ƙauyuka da yawa na waɗanda aka tayar domin a yi wutar suna kwana da fitilar hannu. Ba sai an yi wa mutumin Ngaski dogon bayani a kan wannan ba.

Jihohin da ake haƙo mai suna karɓar kashi 13 cikin ɗari na abin da aka samu daga ƙasarsu. Ba a lissafa ruwan dam a wannan tsari ba. Domin a toshe wannan giɓi ne aka yi dokar kafa hukumar raya yankunan da ke samar da wutar ruwa, wadda aka fi sani da HYPPADEC. An sa wa dokar hannu a 2010, amma ta kwanta shekara goma. A 2018 an rage abin da kamfanonin dam za su riƙa biya daga kashi 30 zuwa kashi 10. Sai a ƙarshen 2020 aka kafa shugabanninta, hedkwata a Minna, aka kuma ba ɗan Yauri, Abubakar Sadiq Yelwa, shugabancin gudanarwa. Ta fara da jihohi shida: Neja, Kebbi, Kwara, Kogi, Binuwai da Filato. A 2023 aka ƙara waɗansu huɗu. Ƙarin jihohi kuwa ma'anarsa ƙarin hannuwa a akushi ɗaya.

Wannan hukuma ta Tarayya ce. Majalisar jiha ba ta yi mata kasafi, ba ta kuma iya tilasta mata. Masu sa mata ido su ne wakilin Abuja da sanata. Amma ɗan majalisar jiha yana da abin yi. Shi ya fi kowa sanin ƙauyen da gaɓarsa ke zaftarewa, da makarantar da ruwa ke shiga kowace shekara. Zai iya tattara wannan a rubuce, gari da gari, ya kai. Zai iya kuma hana abin da muka sha gani a ayyukan raya karkara, inda hukumomi biyu ke haƙa rijiyar burtsatse biyu a gari ɗaya, garin da ke kusa kuwa ba ko ɗaya.

Babban canjin dai shi ne wannan. Tun 1999 Tsarin Mulki ya ba majalisar jiha ikon yin doka a kan samar da wuta da rarraba ta, amma a wuraren da babban layin ƙasa bai kai ba kaɗai. A lura da kyau: ƙauyen tsibiri ko na gaɓa wanda ba a taɓa kafa masa turke ba, tun can yana cikin ikon jiha. Gyaran watan Maris 2023 ya cire wannan iyaka, ya ba jiha iko har a inda layin ƙasa yake. Sa'an nan a watan Yuni 2023 aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Wutar Lantarki. Bisa ga wannan doka, jihar da ta yi tata dokar, ta kafa hukumar kula da wuta, ta kuma sanar da hukumar Tarayya, za a miƙa mata ikon ba da lasisi da tsayar da farashi a cikin iyakarta. Kamfanin rarraba wuta kuma tilas ya buɗe reshe na musamman domin wannan jiha. Jihar Inugu na cikin na farko da suka karɓa a 2024. Jihar Neja, maƙwabciyarmu a ƙetaren ruwa, ta bi sahu a 2025.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan yana nufin Kebbi za ta karɓe Kainji. Dam ɗin yana cikin Jihar Neja, mallakar Tarayya ne, tun 2013 kuma kamfanin Mainstream ke gudanar da shi bisa yarjejeniyar haya. Wutarsa tana shiga layin ƙasa. Abin da ya dawo hannun jiha shi ne kasuwar cikin gida: wa zai kafa ƙaramar tashar hasken rana a ƙauye, da wane sharaɗi, nawa zai caji mutane, wa za a kai wa ƙara in taransifoma ta ƙone wata shida ba gyara. Duk dokar da jiha za ta yi ko za ta gyara a kan wannan, ta gaban wakilan nan 24 za ta bi.

A ganinmu nan ne ya kamata wakilan ƙasar Yauri su fi kafewa. Mai zuba jari yana son gari mai yawan jama'a da masu iya biya. In ba a rubuta a cikin doka cewa wani kaso na kuɗin wutar karkara na ƙauyukan da dam ya tayar ba ne, to za a sake yin abin da aka yi a 1968, wuta ta bi ta kansu ta wuce. Ga masunci kuwa wuta ba ta kallon talabijin ba ce kawai. Inda akwai ƙanƙara, ba dole ya sayar da kifinsa a kowane farashi kafin rana ta take ba, matarsa kuma ba za ta ƙone itace mai yawa wajen banda ba.

Jirgi da kifi

Ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a ruwa tsakanin gaɓar Jihar Neja da Wara. Waɗanda aka ceto da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Sanadin irin wannan hatsari sananne ne: tsohon jirgi, lodi fiye da kima, tafiyar dare, rashin rigar ruwa, da kututturan itatuwan da tafki ya rufe tun 1968, waɗanda ke matsowa kusa da sama in ruwa ya ja baya. Tsadar mai ta ƙara wa abin muni, gama mai jirgi yana so ya yi sawu ɗaya a maimakon biyu.

Hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedkwata a Lokoja, ita ce ke da ikon dokar tuƙi a Kwara. Kotun Ƙoli ta ƙara tabbatar da ikon Tarayya a kan hanyoyin ruwa a watan Janairu 2024, a shari'ar da aka yi da Jihar Legas. Amma ma'aikatanta kaɗan ne, mashigai kuwa ba su ƙirguwa. Jiha na iya sayen jirage masu ƙarfi, ta gina matsaya, ta sayi rigunan ruwa, ta biya masu tsaron mashigi, duk daga kasafinta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba kuma shi ne, Tsarin Mulki ya sa ba da lasisin kwalekwale da kula da kasuwanni cikin ayyukan ƙaramar hukuma, ƙaramar hukuma kuwa majalisar jiha ce ke tsara mata dokar aiki. Ashe ranar kasuwa a bakin ruwa ba ta Abuja kaɗai ba ce.

Maganar su kuwa ta jiha ce. Tsarin Mulki ya ba Tarayya kamun kifin teku, ya bar na koguna da tafkuna. Dattawa suna tuna yadda kifi ya yi yawa a shekarun farko bayan an tare ruwa, da yadda ya ragu ainun kafin 1980. A shekarun 1990 wani shirin haɗin gwiwa na Nijeriya da Jamus ya yi aiki da masuntan tafkin, jihohin Kebbi da Neja suka yi dokokin su, aka fito da lasisi, aka hana jan dala, gama ƙananan idanunta na kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. Dokokin nan na zamanin soja ne. Tarar da aka rubuta a wancan lokaci yau ba ta tsorata kowa. Gyara su aikin majalisa ne, kuma ba ya bukatar izinin kowa daga Abuja. Sai dai kifi bai san iyakar jiha ba. In an hana dala a gaɓar Ngaski ana ja a gaɓar Borgu ko Agwara, an cuci wanda ya bi doka. Dole wakilan gaɓa biyu su zauna tare, da Sarakunan Ruwa, da masanan cibiyar binciken kifi ta Sabon Bussa.

Ƙuduri daban, doka daban

Sau da yawa mukan ji a rediyo cewa wakili ya tashi a majalisa ya gabatar da ƙuduri, majalisa ta yi kira ga Gwamnatin Tarayya ta duba halin da jama'a ke ciki. Mene ne nauyin wannan? Ƙuduri ra'ayin majalisa ne. Ba ya tilasta wa minista, ko gwamna ma bai zama dole ya bi ba. Amfaninsa shi ne yana sa magana a rubuce, 'yan jarida su ɗauka, wakilan Abuja su sami abin riƙewa. A kan al'amarin tsaro, kamar sace ɗaliban kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ran 17 ga Yuni 2021, kira da matsin lamba su ne yawancin abin da majalisar jiha ke da shi, tare da kuɗin da take ware wa taimakon jami'an tsaro. Saboda haka ba mu rena kira ba.

Amma in al'amarin na hannun jiha ne, wakili kuma ya tsaya a kan kira, to ya ɗauki hanya mai sauƙi. Doka ita ce ke ɗaure kowa. Kowane ɗan majalisa na da ikon kawo shirin doka da kansa, ba sai gwamna ba. Akan karanta shi sau uku, kwamiti ya duba shi a tsakani, sau da yawa a kira jama'a su faɗi ra'ayinsu. In majalisa ta zartar, gwamna yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa, watau 16 a Kebbi, suna iya sake zartarwa ya zama doka ba tare da hannunsa ba. Ba kasafai ake ganin haka a jihohinmu ba, musamman inda gwamna da yawancin wakilai 'yan jam'iyya ɗaya ne. Amma ikon yana nan a rubuce.

Yadda za a kai kuka

Zuwa ɗaya ɗaya da asuba a zaure ba ya haifar da kome sai kuɗin mota. Ga yadda ƙungiyar manoma, ko ta masunta, ko ta mata masu banda za ta yi.

A zauna a zaɓi magana ɗaya. Takardar da ta haɗa wuta da hanya da asibiti da taki ba ta da kwamitin da za a miƙa wa. A rubuta sunan gari da gunduma, abin da ya faru, ranar da ya faru, mutum nawa ya shafa. In gaɓa ce ke zaftarewa, a auna taku nawa ruwa ya ci daga bara zuwa bana. In taransifoma ce, a faɗi watan da ta lalace. A faɗi abin da ake so a yi, a fili. Sa'an nan a sa hannu ko a dangwala, mai unguwa da dagaci su shaida.

A rubuta takardar zuwa ga Kakakin Majalisa ta hannun wakilin mazaɓa, gama ɗan majalisa ne ke gabatar da koke a zauren. A yi kwafi uku: ɗaya ga wakili, ɗaya ga ofishin Akawun Majalisa inda za a buga hatimin karɓa da kwanan wata, ɗaya kuma a ajiye wurin magatakardan ƙungiya. In maganar ta shafi HYPPADEC ko NIWA, a aika wa wakilin Abuja nasa kwafin. Rashin Turanci ba hujja ba ce ta yin shiru. Sashe na 97 ya yarda majalisar jiha ta yi aiki da harshen mutanen jihar in ta amince da haka, kuma wakili na iya sa a juya takardar.

Lokaci yana da muhimmanci. Kukan da ke bukatar kuɗi a kai shi tun watan Agusta ko Satumba, lokacin da ma'aikatu ke shirya lissafinsu, watau daidai lokacin da farin ruwa ke cika tafki. Wanda ya jira har baƙin ruwa ya iso a Disamba ko Janairu, yawanci zai tarar an rufe littafin shekarar. Doka ta ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, saboda haka in wata biyu ya wuce ba labari, a tura mutum biyu da kwafin mai hatimi su tambayi kwamitin da aka miƙa wa.

Akwai kuma kiranye, a sashe na 110. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sa'an nan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Hanya ce mai wuyar gaske, har yanzu ba a taɓa cire ɗan majalisa ta wannan hanya a Nijeriya ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne magatakarda ya ajiye littafi: ranar da aka kai takarda, ranar da aka karanta ta a zaure, layin da aka samu a kasafi, da abin da aka saki. In masu neman ƙuri'a suka zo, sai a shimfiɗa musu tabarma, a buɗe littafin a karanta musu.